Siririn Bututu a Bayan Baba

Babanmu mai gyaran agogo ne. Shekara da shekaru yana sunkuye a kan teburinsa, gilashi maƙale a ido ɗaya, har ƙugunsa ya gaza. Ciwon ya gangara ƙafar hagu, tafiya ta gagara, likitoci suka ce sai an yi masa aiki a ƙashin baya.

Ana gobe tiyata, likitar da ke sa barci ta shigo ɗakin, ta ja kujera ta zauna. Ni da yayata muna bakin gado.

"Baba, aikin kansa ba za ka ji shi ba," in ji ta. "Maganar bayan ka farka ce ta kawo ni. Akwai magani mai ƙarfi da ake bayarwa ta jijiya, yana kashe zafi sosai, amma yakan kawo magagi da tashin zuciya. Akwai allurar da za mu yi maka a naman gefen ƙashin, ta kashe wurin kaɗai, ta kai ka kamar wuni. Ko kuma mu bar siririn bututu kusa da ɗinkin, magani yana ɗiga a hankali har kwana biyu."

Yaya ta ce a ba shi mai ƙarfin kawai ya yi ta barcinsa. Baba ya girgiza kai. Ya ce bai manta da Kawu ba, wanda ya farka daga tiyata yana kiran matarsa da sunan maƙwabciya.

"Ba zan ba ku abin dariya ba," ya ce. Ya dubi likita. "Wannan mai ɗigar, ba ya tsayawa?"

"In ya tsaya, na'urar da ke tura maganin za ta yi ƙara. Amma ba duka zafin zai ɗauke ba, za mu haɗa maka da ƙwayoyi."

"To, ni da abin da ke tafiya daidai ba ma faɗa. A sa mini shi."

Washegari da la'asar aka dawo da shi. Ya buɗe ido, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɓata rai.

"Wai yaushe za su shiga da ni? Tun jiya ban ci komai ba."

Yaya ta kama baki. Na ce, "Baba, ai an gama tun ɗazu."

Bai yarda ba sai da nas ta ja hannunsa ta ɗora a kan bandejin. Sannan ya ce Alhamdulillahi a hankali.

Da magariba ya yi ƙoƙarin juyawa shi kaɗai, zafi ya soke shi har ya ciji leɓe. Nas ta ba shi ƙwaya, ta koya masa yadda zai mirgina gaba ɗaya kamar gungume. Ya samu barci.

Da safe mai koyar da motsa jiki ya tayar da shi tsaye, na'urar rataye a kafaɗarsa cikin 'yar jaka. Mama ta iso daidai lokacin, ta tarar da shi a baranda yana taku kaɗan-kaɗan. Ta ajiye kwandonta, ta riƙe masa gwiwar hannu.

"Malam, a hankali."

"Ke dai biyo ni," ya ce. "Mu je mu ga abin da ke can ƙarshen."

Babu komai a can sai taga da tukunyar fure. Suka daɗe a tsaye suna kallon motoci.