Mai Sunan Malam

Matar Ladan ta sauka lafiya, ɗa namiji. Ga ranar suna ta matso, amma Ladan bai san sunan da yake so ya raɗa wa yaron ba. Na kakansa yake nema, wanda aka kwashe a ɗiban gwamna lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, aka kai shi haƙar kuza a Jos, bai dawo ba. Duk tsofaffin unguwar Gwallaga da Ɗanlarai suka san shi. To, wa ya taɓa yanka rago da laƙabi?

Kunya ce ta jawo, wallahi. Kakan ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa kama sunansa ba har ta koma ga Allah. Mahaifin Ladan kuwa a ciki aka bar shi, shi ma ya rasu da Ɗanlarai a baki. Saura kakar Ladan, Inna A'i, tana nan da ranta. Amma ta faɗi sunan miji? Tabɗi!

"Inna, sau ɗaya tak. Ko a kunne ki raɗa mini."

"Tafi can, marar ta-ido! Da girmana?"

Ladan ya bi dattawa, har aka kwatanta masa Baba Toma a Tirwun, wanda suka yi haƙar tare da kakan. Tsohon ya ba shi labarin sanyin dutse da bargo ɗaya da suke rabawa.

"Ba shi da zance sai na amaryar da ya bari da ciki. Ƙirji ne ya kama shi. A cinyata ya cika."

"Sunansa fa, Baba?"

"Ɗanlarai mana, ɗana. Shi muka sani."

Ladan ya dawo gida yana kewar mutumin da bai taɓa gani ba. Yana zaune a tsakar gida sai ga mai tallan nama ya yi sallama a zaure. Inna A'i ta ɗaga murya yadda ta saba:

"Mai sunan Malam, kawo na miya!"

Kai, Ladan! Tun kana rarrafe kake jin kiran nan, ashe kunnenka ado ne. Kowa a unguwa Sabitu yake kiran mahaucin, ban da ita.

Ya matsa kusa da ita. "Inna, Sabitu ne?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta ce a'a ba.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yaro Sabitu an shafa fatiha, aka ɗora mata jaririn a cinya. Mata suka shiga tsokanarta, ga angonta ya iso. Ita dai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta.

"Haba Malam," in ji ta a hankali. "Ba cewa ka yi kafin kaka za ka dawo ba?"