Tabon da Ke Cikin Malam Hashizume

Tun da Dakta Kuramochi ta ga sunan a jerin masu gwajin ciki na safiyar Talata gabanta yake faɗuwa. Malam Hashizume ne fa, wanda ya koya mata riƙe bututun kyamara shekara ashirin da suka wuce. A asibitinsu na birnin Sendai, a ƙasar Japan, ba a musu da malami, ko ya ce shinkafa baƙa ce sai dai a rusuna a ce haka ne. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa a'a ba.

Tsohon ya ƙi maganin barci. Ya ce ta hanci za a zura bututun, don bakinsa ya samu sararin gyara mata kuskure. Yana kwance a gefen hagu, idonsa ƙyam a kan allo, yana ta mitar hannunta ya yi nauyi.

Suna isa ƙasan tumbi sai wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke taya ta duba hotuna, ta yi ƙara. Ta zana koren layi ta kewaye wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar wake ba, ja-ja kaɗan. Kuramochi ta wanke wurin da ruwa, ta sake haskawa. Layin ya dawo.

"Tsohon tabon gyambon ciki ne," in ji Malam. "Wuce. Wannan abin ko kumfa ya gani sai ya yi ihu."

Gaskiya ne, na'urar takan yi ihun banza wani lokaci. To amma gefen tabon bai yi wa Kuramochi ba sam. Idan sankara ce a farkonta, yanzu ana iya ɗaye ta ta bututu. Idan aka bari sai gwajin baɗi, ƙila rabin tumbin zai tafi, ƙila ma fiye. Tsoro take ji, tsoron ciwon da tsoron mutumin.

"Kuramochi, na ce ki wuce."

"Malam ya yi haƙuri. Zan tsinki nama a kai ɗakin gwaji."

Ta tsinka sau biyu, ta zare bututun a hankali.

Ta sunkuya har ƙasa tana jiran faɗa. Tsohon ya daɗe yana goge hancinsa, bai dube ta ba. Can ya nemi ta ba shi ranar da sakamako zai fito, ta ce Juma'a mai zuwa.

"Na riga na'urarki ganinsa," ya ce a hankali. "Tun kafin ta yi ƙara. So na yi ki ji maganata, in tafi gida ban sani ba."