Firjin da Ya Yi Gumi

Tun shigowar bazara firjinmu ya fara gumi. Ruwa na tsattsafowa a bakin ƙofarsa, ciki kuwa sanyin bai taka kara ya karya ba. Ni ba ruwan sha ne ya dame ni ba. Allurar ciwon sugan maigidana, Zarami, ce a ciki, kwalba uku da ƙaninsa ya aiko daga Kano, kuma likita ya ja mana kunne cewa in ta sha zafi ta tashi daga aiki.

Na kira Uchenna mai gyara. Ya shafa ƙofar, ya ce robar ce ta saki, iska mai zafi ke shiga. Babu irinta a Gashua, sai jibi in ya je Nguru. Kafin nan a rage buɗewa.

Washegari rasuwa ta kai ni Katuzu, na kwana biyu. Na bar gidan a hannun surukata, Ya Fanne, tsohuwar da tun da aka gano ciwon ɗanta ba ta ƙara sa suga a kokonta ba.

Ina dawowa na tsaya turus. An naɗe firjin da buhunan algarara jiƙaƙƙu, gaba da baya, an ɗaure tam da igiya, yadda ake yi wa randa. Ya Fanne na gefe da buta tana yayyafa masa ruwa. Da fara'arta ta ce ta ga bawan Allah yana ta gumi, ai duk mai gumi zafi yake ji. Shi ma Zarami ya gani, wai har ya yaba dabarar. Wallahi raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa?

Uchenna ya iso da sabuwar robarsa. Ya kwance buhunan, ya taɓa bayan firjin, ya janye hannu da sauri. A ƙofar gida ya gaya mini ta baya firji ke fitar da zafi, an toshe shi, injin ya ƙone. Na ɗaga kwalaben a rana, duk ukun sun yi gudaji kamar madarar da ta tsinke. Wata allurar kuma sai an sake aikowa, Allah kaɗai ya san yaushe.

Da la'asar lokacin allura ya yi. Na raɗa wa Zarami abin da ya faru. Tsohuwa na zaune a tabarma tana kallonmu.

"Ta yi sanyi dai, ko?" ta tambaya.

"Ta yi, Ya," in ji shi.

Ya ɗage rigarsa, ya miƙo mini kwalbar, ya yi ƙasa da murya.

"Yi mini haka nan, Salma. Tana kallo."