Kada a Goge Agogon Gathogo

Shekara goma sha ɗaya Daktari Mutiso ya yi yana zaryar gidan Mama Nyokabi a Kiambu, duk saboda agogon hannu guda ɗaya. Likitan haƙori ne da ya ajiye aiki, tsofaffin agogai sun kai arba'in a akwatinsa, amma wannan ɗin da bai samu ba shi ya hana shi sakat.

Agogon marigayi Gathogo ne, mijin Mama, wanda a zamanin tseren motoci na daji shi ke zama gefen direba, taswira a cinya, yana auna lokaci. Ƙirar Suwizalan ce mai maɓalli biyu a gefe: ka danna na sama doguwar allura ta zura da gudu, ka sake dannawa ta tsaya cak, na ƙasa ya mayar da ita gida. 'Yan ɗaruruwa kawai aka ƙera, kamfanin ya mutu. Fuskarsa dā baƙa ce wuluk, amma rana ta yi ta dafa ta ta tagar mota har ta koma launin gasasshen kofi, jikin kuma duk karce. To, wannan tsufan shi ne dukiyar. Masu tara agogo, Allah ya shirye su, ƙyalli ba ya gabansu. Abin da suke mutuwa a kai shi ne agogon da tun fitowarsa ba wanda ya canza masa ko da ƙusa.

Ranar wata Asabar da hantsi yana shan shayi a gidansa na Parklands, sai ga waya daga Mama.

"Daktari, na gaji da ganin ƙafarka a ƙofata. Gobe bayan coci ka zo ka ɗauki abinka."

Saura kaɗan kofin ya suɓuce masa. Ya shiga zuba godiya, har da muryar kuka, tsoho da shi.

"Bar godiyar tukuna," in ji ta. "Na ba ɗana Wachira ya kai shi River Road tun da safe, a wanke shi, a goge, a sa masa sabuwar fuska. Ba zan miƙa wa babban mutum irinka abu da dauɗa ba, a ce gidan Gathogo ba su san mutunci ba."

"A goge?! Mama, wajen wa?"

"Wani mai gyaran agogo, Fundi Barasa, kusa da masu rediyo. Lafiya kake ihu?"

Ina lafiya! Injin goge ƙarfe minti biyar ya ishe shi ya cinye shekara hamsin. In aka goge jikin, aka jefar da tsohuwar fuskar, agogon ya zama na kowa, kuma duk duniya babu mai iya mayar da shi. Daktari ya kira Wachira, waya a kashe. Ya fito da silifas, ya faɗa mota.

A unguwar Ngara go-sulo ya riƙe shi ƙam. Mutumin da ya sha cewa ko gawarsa kada a ɗora a babur, shi ne ya yar da mota a gidan mai, ya tare ɗan acaɓa, ya haye da tumbinsa.

"Mzee, baba tsoho, haihuwa ce ko mutuwa?" in ji mai babur.

"Ta fi su duka. Ja mu je, kada ka ji tausayina!"

Bai kuwa ji ba. Suka ratsa tsakanin motocin haya, madubi na shafar gwiwar Daktari, silifas ɗinsa ɗaya ya faɗi a gada bai ko waiwaya ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ba na titi ba.

Shago na uku da ya leƙa shi ne. Tun daga bakin ƙofa ya ji kukan injin. Can ciki wani ƙaton mutum mai furfura ya duƙa, jikin agogo a tsakanin yatsunsa, ya ɗora shi a kan ƙafar injin mai juyawa. Daktari bai yi sallama ba. Ya tsallake benci, ya finciko wayar wuta daga bango.

"Kai! Wane mahaukaci ne wannan?" in ji Fundi Barasa.

"Ni ne. Miƙo shi."

Ya karɓa yana haki, ya jujjuya shi a hasken taga. Kunne ɗaya cikin huɗun da ake ɗaura maɗauri ya riga ya sha inji, yana sheƙi kamar sabon cokali. Abin ya soke shi har zuci. Amma sauran ukun suna nan, bayan yana nan, kowane karce yana inda Gathogo ya bar shi.

"Ina fuskar?"

"Wannan ƙonanniyar? Tana gwangwani. Ga sabuwa dal na ciro masa."

Gwangwanin madara ne cike da matattun batura da karyayyun ƙusoshi. Daktari ya ari hantsaki, ya zauna, ya ja numfashi. Hannun da ya yi shekara talatin da biyar a bakin mutane ya kama aiki. Ya ɗebe batura ɗaya bayan ɗaya, sai ga ta a jingine da gefe, ruwan kofi, ƙananan da'irorinta uku lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Allurorin ma suna ƙasa, a naɗe cikin takardar alewa.

Ihun da ya kurma sai da masu rediyo suka leƙo.

Fundi ya riƙe haɓa. "Daktari, don Allah, ba kai ne Mutiso mai cire haƙori ba? Kai ka tumɓuke wa mutane ruɓaɓɓe ka dasa sabo, ni kuma ka hana ni cin abinci?"

"Wanda ya ruɓe nake cirewa, ɗan'uwa. Wannan tsufa kawai ya yi. Mayar da komai yadda ka same shi, ladanka ninki biyu. Mai kawai za ka ɗiga wa cikin."

"Har jar ƙasar da ke gindin maɓalli?"

"Ita ce ma kada ka hura."

"Masu kuɗi dai ba su da lafiya," in ji Fundi, ya maƙala gilashi a ido.

Awa biyu Daktari na tsaye a kansa da ƙafa ɗaya ba takalmi, yana hana shi ko atishawa. Gaskiya, Barasa gwani ne, neman abin da mutane ke so ne ya lalata shi. Da ya rufe bayan, ya ɗaura maɗaurin, ya miƙa masa. Daktari ya murɗa ɗan kan da ake wana agogon da shi a hankali, ya danna maɓallin sama. Doguwar allura ta zabura ta kama hanya.

Nan take ya kira Kiambu.

"Mama, na tsayar da aikin. Ba a goge ba."

"Haba Daktari! Ka kunyata ni. Da dauɗarsa za ka karɓa?"

"Da dauɗarsa nake so. Yi shiru ki ji."

Ya ce wa Fundi ya rufe ƙofa, ya manna agogon a bakin wayar. Shagon ya yi tsit, sai ɗan bugun nan mai sauri, cak-cak-cak-cak. 

"Shekara arba'in wannan ƙarar na ƙarƙashin kunnena, in Gathogo ya yi mini matashi da hannunsa," in ji ta daga baya. "Tun da ya tafi ban iya murɗa shi ba. Ba sai gobe ba, Daktari, ɗaura abinka, naka ne. Amma kada ka kashe wayar tukuna."