Fitilar Maame Serwaa

Ranar da Agya Boadu ya gano wayar da take kunna fitilar, a ranar ya mutu.

Juyen mai kawai ya kai Ticha Twumasi garejin maƙwabcinsa Boadu makanike a unguwar Suame. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana karanta jarida, yana gyara wa 'yan jarida nahawu a zuci, baƙin mai yana tsiyaya a cikin kwano. Sai ga ihun Boadu daga cikin motar, ƙafafunsa a waje, kansa a ƙarƙashin kujerar gaba.

"Ticha! Na kama ɓarauniyar!"

Kowa a layin ya san ɓarauniyar. Tun da aka binne Maame Serwaa, matar Ticha, fitilar rufin motar take kunna kanta in ta ga dama, ta shanye batir. Boadu ya canza fis, ya canza ƙwan fitilar, ya bi wayoyi da ɗan ƙwan gwajinsa tun daga gaba har but ɗin baya, abin ya gagare shi. Masu walda suka mayar da shi abin tsokana, suna cewa mutumin da yake jin ciwon mota da kunne ga shi fitila ta mai da shi ɗan koyo.

Kafin ka ce kwabo gareji ya cika. Mai fenti ya zo da fenti a hannu, mai waakye ta bar tukunyarta ta shinkafa da wake a buɗe. Boadu ya fito da ƙura a gemu, ya nuna musu: wata siririyar waya ce ƙarfen kujera ya goge wa riga, in mota ta girgiza sai ta taɓa jiki, fitila ta kama. Ya danna kujerar, fitila ta kawo. Ya saki, ta ɗauke. Aka kwashe da shewa kamar an ci ƙwallo.

"Kujerar Maame ce ta cinye ta," in ji shi, yana haki don dariya. "Allah ya jiƙan ta, ai ba ƙaramar mace ba ce."

Ticha bai yi dariya ba. Ya karanta littattafan da suka isa su hana mutum yarda da fatalwa, bai kuma yarda ba. Amma duk sanda fitilar ta kawo a hanya, yakan rage gudu, ya ba kujerar da babu kowa labarin tsadar doya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya buɗe baki zai ce a bar wayar, sai ya ga idon jama'a, ya ga Boadu yana yage baƙin salatif da haƙori, fuskarsa kamar ta yaro ranar Kirsimeti.

"Sannu, gwani," ya ce. "Da likita ne kai, da mara lafiyar ya daɗe da ruɓewa."

Aka sake fashewa da dariya, Boadu ya fi kowa. Ya naɗe wayar tsaf, ya danne bakin salatif ɗin da babban yatsa, ya aika a kawo fufu da miyar akuya kwano biyu, wai yau shi zai ciyar da mai baƙin baki. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofar motar, yana sake ba mai fenti labarin daga farko. Ya kai daidai inda ya ɗaga kujerar, sai ya yi shiru. Suka ɗauka numfashi yake ja. Fufun ya iso da zafinsa.

Ranar zaman makokin Boadu, mako guda da rasuwarsa, layin ya cika da jan zane da baƙi, tufafin makoki. Ticha ya gaisa da dangi daga dama zuwa hagu yadda aka saba, ya sulale ya koma motarsa. Ya durƙusa, ya tura kujerar baya. Ga salatif ɗin. Farce ɗaya ya isa ya kware shi, fitilar ta dawo.

Ya kai farcen, sai ya ga sawun babban yatsa a jiki, na baƙin mai, kowane layi a fili.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya mayar da kujerar a hankali.

"Agya," ya ce, "aikin ya yi kyau."