Kwamfuta Mai Ɗaki Biyu

Tun ranar da tsohuwar kwamfutar Kaka ta yi tari sau biyu, ta fesa hayaƙi, ta ce ga garinku nan, gidan ya yi wani irin shiru mara daɗi. Shekara talatin da ɗoriya tsohon ya yi yana buga tafireta a ofis. Da ya yi ritaya sai ya koma buga wa 'yan unguwa takardu a falonsa: mai neman aiki, mai ƙorafin famfo, har da mai son ba matarsa haƙuri a rubuce. Yanzu kuwa sai dai ya zauna gaban tebur wayam, yana ƙwanƙwasa katako da yatsu goma.

Jikarsa, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, ita ma da nata ciwon kan. An ɗauke ta kwas ɗin koyon haɗa manhaja, malaminsu ya ce kowa ya zo da kwamfuta mai tsarin aiki na Linuks. Shi kuwa Kaka in ba Windos ba, ko kyauta ba ya so. Kawunta ya ce ɗaya tak zai saya, su san yadda za su yi.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Rediyo. "A raba cikinta ɗaki biyu, ɗaya na Linuks, ɗaya na Windos. Kana kunnawa za ta tambaye ka wanne za ka shiga. Ni da safe, kai da yamma."

"Au, tun ba ki tare ba har kin raba mana ɗaki, Amarya?"

"Ango, ai minshari gare ka."

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne ta riga ta yi zaɓinta. Sati guda ke nan tana leƙa wata 'yar mitsitsiya da ake kira netbuk a gilashin wani shago, fara sol, ba ta fi littafin rubutu ba. Mota biyu take hawa zuwa makaranta, ajinsu kuma a hawa na uku yake. Har ta gama ganin kanta tana zaro ta daga jaka ana kallo.

Ranar Asabar da hantsi suka je shagon ita da Kaka. Mai shago ya jera musu biyu a kan kanta, 'yar farar da wata baƙar laftof mai faɗi kamar faranti.

"Gaskiya ɗaya ce," in ji shi. "Ƙaramar tana riƙe caji, ba nauyi, amma cikinta kaɗan ne. In kin raba shi biyu za a zauna, sai dai a takure. Babbar kuwa fili har da tsakar gida. Matsalarta nauyi, cajarta kaɗai ta isa a jefi ɓarawo."

"Takura ai ƙauna ce," in ji Rediyo, tana shafa murfin ƙaramar. "Ango, zo ka gwada."

Kaka ya ja kujera, ya naɗe hannun riga, ya ɗora yatsu. Shi fa irin mutanen da ne, waɗanda aka koya wa cewa kallon madannai abin kunya ne. Ido a takarda, hannu na aiki. Da yake babu takarda, sai ya kafa wa kalandar bango ido, ya saki yatsu, taf-taf-taf, kai a sama kamar mai karɓar lambar yabo.

Rediyo ta leƙa fuskar kwamfutar. Inda ya kamata a ga "Zuwa ga shugaba", abin da ke wurin shi ne "Zxuwa gha sjhugsba". Layi huɗu haka, ko kalma ɗaya ba ta tsira ba. Madannan sun matse, yatsun tsoho kuma masu kauri, kowane ɗaya yana taka gida biyu. Rubutun ma ƙanana ne kamar ƙwan kifi, ko ya duba ba gani zai yi ba.

Mai shago ya fara gyaran baki zai yi dariya. Ta watsa masa wani kallo, dariyar ta koma inda ta fito.

"Yaya aikina?" in ji Kaka.

"Ko ɗigo ba ka bari ba," ta ce, tana goge rubutun da sauri.

"To ta yi. A sa mana ita a kwali."

Ga abin da take so an miƙo mata a hannu, amma bakin Rediyo ya mutu, karo na farko a tarihi. Ta hango mai neman aiki ya karɓi irin wannan takarda daga hannun Kaka, ya fita waje ya nuna wa mutane. Ta dubi 'yar farar sau ɗaya, ta ture ta gefe.

"Kai, ni fa na fasa. Wannan abar wasan yara ce. In na shiga aji da ita cewa za su yi madubi na kawo. Malam, miƙo ƙatuwar."

Kaka ya ɗora hannu a kan babbar. Sautin ma daban ya fito, kamar ruwan sama a kan kwano, rubutu kuwa tsaf. Ita suka saya, Rediyo ta rataya. A hanya kafaɗarta ta fara ba ta labari tun kafin su kai bakin titi, ta yi kamar ba ta ji ba.

Bayan la'asar ta gama raba ɗakunan. Sai dai kwamfutar daƙiƙa goma kawai take jira a zaɓa, in ba a taɓa ba sai ta shige Linuks. Kafin Kaka ya lalubo tabarau ya maƙala, ta shige.

"Ina ne nan kuma? Duhu kamar rami!"

"Ɗakina ka faɗo ba sallama. Matsa in juya ta, ta riƙa wucewa naka."

Tana cikin dannawa ya ce, a hankali, "Ƙarya ba ta yi miki kyau, Amarya. Wai ko ɗigo ban bari ba. Tun harafi na biyu na ji yatsana ya taka maƙwabci."

Ta tsaya cak. "To me ya sa ka ce ta yi?"

"Na ga yadda kike shafa ta."

Rediyo ta sunkuyar da kai kamar mai neman wani harafi da ya ɓace mata.

"Kuma kar ki juya ta," ya ce. "Ke ce mai sauri da safe, ta riƙa shiga naki."

"Naka dai."

"Naki."

Suka ja, suka ja, har shayinsa ya huce. Daga ƙarshe ta cire ƙirgen gaba ɗaya, ta kashe ta kunna. Sunaye biyu suka fito, kwamfutar ta tsaya tana jira, babu mai kora.

"Shi ke nan, sai ka zaɓa da hannunka," ta ce. "Ko shekara za ka yi kana neman tabarau, tana nan."