Bakin Aro

Isufu ɗan Damagaram ne, yana aiki a wani kamfanin gwajin ƙamshi a birnin Lyon na Faransa. Da hancinsa yake cin abinci. Giya kam sai dai ya sunsuna, bai taɓa kai ta baki ba.

Aka tura shi Paris ya auna wata wuskin Scotland, irin wadda ake busar da sha'irinta da hayaƙi kaɗan. Masu kayan suka ce hanci kaɗai bai isa ba, sai an ɗanɗana. Isufu ya juya wajen abokin aikinsa Benjamin, mutumin Jos, wanda suka zo tare. Benjamin ya daɗe da barin sha, tun da giya ta kusa raba shi da matarsa Amal. Isufu ya san haka sarai.

"Ka ara mini bakinka," in ji shi a hankali. "Kurɓa ɗaya, ka tofar."

"Isufu, ka san halina."

"Don Allah. Ni haramun ce gare ni."

Benjamin ya ɗauki kofin, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Zuma ce da farko," ya ce. "Sai ɗan gishiri. Hayaƙin daga baya yake zuwa, kamar gasasshiyar masara. Ba ta kama wuya. Wannan ta yi."

Isufu yana ta rubutawa, har da murmushi. Da ya ɗaga kai, ya ga kofin ya koma wayam, kwanon tofarwa kuma a bushe.

A tashar jirgin ƙasa Benjamin ya ce wa Isufu ya yi gaba, shi zai leƙa wani ɗan'uwa a unguwar Barbès. Isufu ya san ƙarya ce, amma ya hau jirgi. Kafin ya isa Lyon Amal ta kira.

"Malam Isufu, lafiya? Ina maigidana? Ba ya ɗaga waya."

"Aiki ne ya riƙe shi," ya ce.

Shugabansu ya yaba aikin ƙwarai. Benjamin bai dawo ofis ba sai wani mako, ido jajur.

"Ni na haɗiye, ba kai ba," ya ce wa Isufu.

Wannan bai sanyaya wa Isufu rai ba. Da aka tashi aiki ya nufi gidan su Benjamin, ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa Amal wanda ya miƙa wa mijinta kofin. Ba ta ce masa ya shigo ba.